Gobarar shago: Dalilan da kan sa kamfanin inshora ya ƙi biyan diyya

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta kankama tsakanin watan Nuwamba da Fabrairu, labarin gobara kan yawaita a kasuwannin Arewa, wani lokaci har ya zarce zuwa bazara. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda rahotanni suka ce ta laƙume shaguna kimanin 3,800, ba Kanawa kaɗai ta girgiza ba, domin daga Kano ne akasarin ’yan kasuwar Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu suke saro kaya. A 2021 ma babbar kasuwar Sakkwato ta kama da wuta a watan Janairu, ta Katsina kuma ta biyo baya a watan Maris.

Bayan wuta ta mutu, abin da ke biyo baya sananne ne: ziyarar jaje, kwamitin bincike, sai tallafi daga gwamnati da masu hali. Tallafin yakan rage raɗaɗi, amma da wuya ya mayar da jarin da aka shafe shekaru ana tarawa. Wannan ne ya sa wasu masu shaguna a Dutse da kewaye suka fara waiwayar inshora, wasu kuma banki ne ke sharɗanta musu ita kafin ya ba su rance.

Sai dai riƙe takardar inshora a hannu ba ya nufin diyya ta tabbata. Kamfani yana iya ƙin biya gaba ɗaya, yana iya kuma biyan wani kaso kaɗan. A mafi yawan lokuta, dalilin ƙin biyan ya riga gobarar faruwa da watanni: yana cikin fom ɗin da aka cike, ko kuɗin da aka jinkirta, ko wani sauyi da aka yi a shagon ba a sanar ba. Tun ran gini ran zane.

Abin da inshorar gobara ta ƙunsa

Inshorar gobara yarjejeniya ce tsakanin mai dukiya da kamfani. Mai dukiya yana biyan wani kuɗi, galibi na shekara guda, kamfani kuma yana ɗaukar alƙawarin mayar da shi matsayin da yake kafin asarar, ba tare da ya ci riba ba. Tsarin ya bunƙasa ne a Ingila bayan babbar gobarar Landan ta 1666, kuma daga can Najeriya ta gaji yawancin ƙa’idojinsa.

Takardar gobara ta asali tana rufe abubuwa uku: wuta, tsawa, da fashewar iskar gas ta amfanin gida. Sauran haɗurra kamar ambaliya, guguwa, tarzoma, ɓarna da gangan daga wasu, karon mota da wutar daji, ƙari ne da ake saya daban a biya musu kuɗi. Asarar da ruwan ’yan kwana-kwana ya jawo, ko rushe katanga don hana wuta yaɗuwa, ana lissafa ta cikin asarar gobara, tunda wutar ce musabbabinta.

Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba kamfanoni lasisi tana sa musu ido. Dokar Inshora ta 2003 ce kotuna suka yi aiki da ita fiye da shekara 20, har zuwa watan Agustan 2025 da fadar shugaban ƙasa ta sanar cewa Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan sabuwar dokar garambawul ga fannin, wadda ta maye gurbinta.

1. Ba a biya kuɗi ba, ko wa’adi ya ƙare

Wannan shi ne dalili mafi sauƙin kafawa ga kamfani. Sashe na 50 na Dokar 2003 ya mayar da karɓar kuɗin inshora sharaɗin da sai ya cika kafin yarjejeniya ta ƙullu, kuma NAICOM ta fara tsananta aiki da shi daga 1 ga Janairun 2013. A 2014 Kotun Ƙoli ta jaddada ƙa’idar a shari’ar da wani kamfanin inshora ya shigar yana neman Kamfanin Ƙarafa na Ajaokuta ya biya shi bashin kuɗin inshora. Kotun ta ce inda ba a biya kuɗi tun farko ba, babu yarjejeniyar da za a tilasta.

Al’adar kasuwa ta ginu kan yarda. Ɗan kasuwa a Dutse yakan karɓi kaya daga uban gidansa a Kantin Kwari ko Singa, ya biya bayan ya sayar. Inshora ba ta tafiya a kan wannan al’ada. Alƙawarin cewa za a kawo kuɗi ranar kasuwa mai zuwa ba ya rufe komai, haka ma cakin da banki ya dawo da shi.

Wa’adin takarda yana da rana, sau da yawa har da sa’a. Idan ya ƙare ranar Litinin, wuta ta tashi daren Talata ba a sabunta ba, shekarun da aka yi ana biya a baya ba su da tasiri.

Akwai kuma batun wanda aka ba kuɗin. Dokar 2003 ta ɗauki kuɗin da dillalin inshora mai rajista ya karɓa a matsayin ya shiga hannun kamfani. Wanda ya miƙa kuɗi ga mutumin da ba shi da lasisi, aka ba shi takardar bogi, ba shi da abin riƙewa. Rasit mai ɗauke da sunan kamfani, da lambar takarda da za a iya tabbatarwa a ofishinsa, su ne shaida.

2. Ɓoye bayani ko faɗin abin da ba haka ba

Inshora yarjejeniya ce ta cikakkiyar gaskiya. Alƙali Lord Mansfield ya fayyace haka a Ingila tun 1766, a shari’ar Carter da Boehm: mai dukiya ne ya san halin da dukiyarsa ke ciki, kamfani kuwa da abin da aka gaya masa yake auna haɗari ya yanke farashi.

Tambayoyin da fom kan ƙunsa sun haɗa da: da me aka gina shagon, bulo ne ko katako da kwano; wace sana’a ake yi a ciki; akwai fetur, gas, fenti, katifa ko wasu kaya masu saurin kamawa; an taɓa yin gobara a wurin; wani kamfani ya taɓa ƙin karɓar mai neman. Wanda ya rubuta cewa shagonsa na bulo ne alhali rabinsa rumfar katako ce, ko ya ce kayan masarufi yake sayarwa alhali yana ɗura gas a gefe, ya ba kamfani damar warware yarjejeniyar tun daga tushe.

A nan akwai tarkon da ke kama mutane da dama. Fom ɗin da Turanci yake, kuma sau da yawa wakilin kamfani ne ke cikewa, mai shago ya sa hannu kawai. Sashe na 54 na Dokar 2003 ya wajabta a rubuta a fuskar fom cewa wakilin da ya taimaka wa mai nema wajen cikewa, a madadin mai neman ya yi. Ma’ana, kuskuren alƙalamin wakili yana iya komawa kan mai shago. Hanyar tsira ita ce a sa wanda aka amince da shi ya karanta fom ɗin ya fassara kafin a sa hannu, a kuma riƙe kwafi.

Sashen ya kuma kare mai shago ta fuska biyu: bayanin da fom bai tambaya ba, ba a ɗaukarsa mai muhimmanci, abin da kuma aka gaya wa wakili yana cikin hurumin aikinsa, tamkar kamfani aka gaya wa.

3. Sauya yanayin shago ba tare da sanarwa ba

Gaskiyar ranar cike fom ba ta wadatar idan yanayi ya sauya daga baya. Takardun gobara kan tanadi cewa kariya tana tsayawa idan aka sauya sana’a, ko aka yi abin da ya ƙara haɗari, ko aka kwashe kaya zuwa wani wuri, ko mallakar dukiyar ta koma hannun wani, sai fa idan kamfani ya amince a rubuce.

Misalan wannan suna nan a kowace unguwa. Mai shagon yadi ya ba mai cajin waya wani lungu, aka jera soket talatin a kan waya ɗaya. Tela ya ƙara injin aiki da janareto a cikin shago. Mai kanti ya sa sola, ya jibge batura kusa da katon-katon na kaya. Wani kuma ya fara ajiye jarkokin ’yan bumburutu da daddare. Haɗarin fetur ba baƙo ba ne ga mutanen Jigawa, musamman bayan fashewar tankar mai a garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura a watan Oktoban 2024, wadda ta hallaka fiye da mutum 150.

Adireshi ma sharaɗi ne. Kayan da aka yi wa inshora a shago mai lamba kaza a Kasuwar Zamani ta Dutse, idan aka mayar da su sito a Shuwarin ko ɗakin ajiya a gida suka ƙone a can, sun fita daga kariya.

Takardu da yawa kan ce idan wuri ya zauna babu kowa fiye da kwana 30, kariya ta tsaya. Wanda zai rufe shago ya tafi aikin Hajji, ko ya koma ƙauye don aikin damina, yana buƙatar sanar da kamfani kafin ya tafi.

4. Dukiyar ba ta mai takardar ba ce

Mutum ba ya karɓar diyya sai kan dukiyar da doka ta san yana da haƙƙi a kanta. Shahararren misali shi ne shari’ar Macaura ta 1925. Mutumin ya sayar wa kamfaninsa katakon da ke gandunsa a Arewacin Ireland, sannan ya yi wa katakon inshora da sunan kansa. Da wuta ta cinye katakon, kotun ƙoli ta Birtaniya a lokacin ta ce na kamfani ne, ba nasa ba, duk da cewa hannun jarin kamfanin nasa ne. Bai samu komai ba.

Wannan darasi ya shafi kasuwancin gida kai tsaye. Shagon da aka yi wa rajista a matsayin kamfani, da sunan kamfanin ya kamata a yi inshora. Shagon gado da ba a raba ba, ko na haɗin gwiwar ’yan uwa, sai an bayyana yadda mallakar take. Idan mai takarda ya rasu ko ya sayar da shagon, sai an sanar da kamfani.

Ɗan haya kayansa ne nasa, gini kuwa na mai gida ne ko na hukumar kasuwa. Inshorar da mai gini ya yi ba ta rufe kayan ɗan haya. Hatta inshorar dole da sashe na 65 na Dokar 2003 ya ɗora wa gine-ginen da jama’a ke shiga, manufarta biyan waɗanda suka ji rauni, suka rasu ko suka yi asara ta dalilin ginin, ba mayar wa mai shago hajarsa ba.

Sai kayan amana. Buhunan riɗi ko zoɓo da manomi ya ajiye wa ɗan kasuwa, yadin da aka kawo wa tela, wayoyin da aka bar wa mai gyara: takardun gobara kan cire irin waɗannan sai idan an ambace su ƙarara. Haka ma tsabar kuɗi da takardun bashi da aka bari a aljihun tebur.

5. Musabbabin wutar yana cikin abubuwan da aka keɓe

Ba kowace wuta ce takarda ke rufewa ba. Wutar da ta samo asali daga tarzoma, yajin aiki ko zanga-zanga ba ta cikin takardar asali. A ranar 1 ga Agustan 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe zuwa ƙone-ƙone da wawaso a wasu garuruwan Arewa, har gwamnatin Jigawa ta sa dokar hana fita. Shagon da ya ƙone a irin wannan yanayi, sai wanda ya sayi ƙarin kariyar tarzoma ne ke da hujjar neman diyya. Yaƙi da ta’addanci kuma keɓaɓɓu ne na daban.

Sata a lokacin gobara ko bayanta ita ma a waje take. Kayan da aka fitar daga shago don tserar da su, ɓata-gari suka yi awon gaba da su cikin rububi, ba asarar wuta ba ce a idon takarda.

Akwai sharaɗin lantarki. Idan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona firiza, ita kanta firizar ba a biyanta a ƙarƙashin takardar gobara. Idan kuwa harshen wuta ya tashi daga jikinta ya cinye sauran kaya, ana biyan sauran. Kayan da suka ɗauki zafi da kansu suka kama, kamar harawa, auduga ko ƙuli-ƙulin da aka jibge da danshi, su ma akan keɓe su.

Ambaliya ba gobara ba ce. Wanda ruwa ya ci shagonsa a ambaliyar 2022, wadda Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ba zai karɓi diyya da takardar gobara zalla ba. Ribar da aka rasa a watannin da shago yake rufe ma tana da nata nau’in inshorar daban.

6. Saɓa sharuɗɗan kariya

Kamfani kan ɗaura wa takarda wasu alƙawura da dole mai shago ya riƙe: a ajiye abin kashe gobara mai aiki, ana duba shi a kan kari, kada fetur ko kananzir ya wuce wani adadi, a kashe kayan lantarki idan an tashi, ƙwararre ya ja wayar wuta, a riƙa kwashe shara. Jan wuta ta ɓarauniyar hanya, ko barin garwashin shayi da na turare a cikin shago, na daga abubuwan da mai bincike ke nema.

Amma sakaci kaɗai ba ya soke diyya, domin yawancin gobara daga sakaci take tasowa, kuma don haka ake yin inshorar. A 1941, a shari’ar Harris da Poland, wata mata a Ingila ta ɓoye kayan adonta da kuɗi a cikin murhun ɗumama ɗaki don tsoron ɓarayi, ta manta ta hura wuta a kai. Kotu ta ce a biya ta.

Sashe na 55 na Dokar 2003 ya ƙara taƙaita ikon kamfani. Saɓa sharaɗi ba ya zama kariya gare shi sai sharaɗin yana da muhimmanci kuma yana da alaƙa da haɗarin ko asarar, kuma ba ya watsi da buƙatar diyya sai saɓawar ta kai ga zamba ko ta taɓa ginshiƙin yarjejeniyar. Saboda haka idan wuta ta tsallako daga shagon maƙwabci cikin dare, rashin sabunta takardar duba abin kashe gobara ba lallai ya isa hujjar hana diyya ba.

7. Jinkirin sanarwa da taɓa wurin

Takarda kan buƙaci a sanar da kamfani nan take, sannan a miƙa cikakken lissafin asara cikin wa’adi, wasu kwana 15, wasu 30. Mai shago da ke cikin ɗimuwa da karɓar ’yan jaje yakan bar makonni su wuce. Kiran waya ga wakili bai isa ba. Saƙo a rubuce mai kwanan wata shi ke tsayawa a matsayin shaida.

Kamfani yakan turo mai tantance asara, ƙwararre mai lasisi da zai duba inda wuta ta faro, ya auna ragowar kaya, ya ɗauki hoto. Idan ya iso ya tarar an share toka, an sayar wa ’yan gwangwan ƙarafan da suka rage, an fara sabon gini, to an shafe hujjar da zai yi aiki da ita. Abin da ake so shi ne a ceci abin da zai cetu, a kare shi daga ruwa da ɓarayi, a ɗauki hoto da bidiyo, a bar sauran yadda yake.

Rahoton hukumar kashe gobara da na ’yan sanda na cikin takardun da ake nema, kuma karɓarsu da wuri ya fi sauƙi.

8. Babu hujjar abin da ya ƙone

Nauyin tabbatar da asara yana kan mai nema. Nan ne ƙananan ’yan kasuwa suka fi shan wahala, domin ciniki da yawa da baki ake yinsa, littafin da ake rubutawa kuma a cikin shagon yake kwana, ya ƙone tare da kayan. Wasu takardun suna da sharaɗin a riƙe littafin saye da sayarwa, a ajiye shi a akwatin da wuta ba ta ci ko a wani gini daban.

Abubuwan da ke taimakawa sun haɗa da rasit ɗin sari, takardar lodin mota, bayanan asusun banki da na na’urar POS, saƙonnin tura kuɗi, da hoton shago da ake ɗauka duk ƙarshen wata. Idan littafi ya ƙone, ana iya neman kwafin lissafi daga dilolin da aka saro kaya wurinsu.

9. Zargin ƙonawa da gangan ko ƙarin gishiri

Wanda ya cinna wa shagonsa wuta, ko ya sa aka cinna, ba shi da diyya, kuma ya aikata babban laifi. Masu bincike kan lura da alamu irin su wuta ta tashi a wurare biyu ko uku lokaci guda, warin fetur a inda ba a sayar da shi, kwashe kaya masu tsada kwana kaɗan kafin gobara, ƙara adadin inshora dab da faruwarta, ko bashi mai nauyi da ya taso mai shago a gaba.

Alama ba hujja ba ce. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce wanda ya zargi wani da aikata laifi, ko da a shari’ar da ba ta laifi ba ce, sai ya tabbatar da zargin ba tare da sauran kokwanto ba. Nauyin yana kan kamfani. Idan kuwa wani ne daga waje ya sa wutar ba da sanin mai shago ba, wannan ba zamba ba ce daga gare shi.

Abin da ya fi yawa shi ne kumbura lissafi. Mai shago ya yi asarar gaske, sai a ba shi shawarar ya ninka adadin tunda kamfani zai rage, ko ya haɗo rasit na ƙarya. Sharaɗin zamba a takardun gobara kan ce duk haƙƙi ya faɗi, har da na asarar da ta tabbata. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

Inda ake biya amma a rage

Sau da yawa abin da mai shago ke kira ƙin biya, ragi ne da ke rubuce a takarda. Mafi girmansa shi ne na yin inshora ƙasa da darajar kaya. A ɗauka hajar shago ta kai Naira miliyan 10, aka yi mata inshorar miliyan 4 don a rage kuɗin shekara, wuta ta ci kayan miliyan 5. Kamfani zai ce kashi 40 cikin 100 na dukiyar kawai aka rufe, don haka kashi 40 na asarar zai biya, wato miliyan 2.

Ko wanda bai yi niyyar ragewa ba yana iya faɗawa ciki. Hauhawar farashi kan sa adadin da aka rubuta bara ya gaza darajar kayan bana. Haja kuma tana hawa da sauka: sito kan cika a lokacin kaka, shagon dabino da sukari kan cika gab da azumi, na yadi da takalma gab da Sallah. Akwai tsarin da ke ba ɗan kasuwa damar bayyana darajar kayansa wata-wata, kuma ya fi dacewa da irin wannan ciniki.

Sauran ragin sun haɗa da kason farko na asara da mai shago ke ɗauka da kansa, tsufan kayan aiki kamar firji da keken ɗinki, da darajar abin da aka ceto. Haja kuma da farashin sari ake lissafa ta, ba na sayarwa ba. Wanda ya yi inshora a kamfani biyu ba ya karɓar diyya biyu. Kamfanonin ne ke raba asarar a tsakaninsu. Idan kuma banki ne ya ba da rance aka sa sunansa a takarda, shi ake fara biya.

Takaful ma yana da sharuɗɗa

Da yawa daga ’yan kasuwar Jigawa suna ƙaurace wa inshora saboda dalilin addini. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta kuma amince da ta taimakekeniya. An kafa kamfanin farko na wannan tsari a Sudan a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa’idojin takaful a 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna aiki da shi.

A takaful, mahalarta suna ba da gudummawa cikin asusu ɗaya, a biya wanda ya yi asara daga ciki, a raba rarar da ta saura bisa ƙa’ida, ƙarƙashin kulawar majalisar malamai. Amma dalilan da aka lissafa a sama suna aiki a nan ma. Wanda ya ɓoye bayani ko ya kumbura lissafi, dukiyar sauran mahalarta yake neman ci.

Idan kamfani ya ce ba zai biya ba

Maganar kamfani ba ita ce ta ƙarshe ba. Kafin a maye gurbinta a 2025, sashe na 70 na Dokar 2003 ya wajabta wa kamfanin da bai amince da buƙata ba ya bayyana dalilinsa a rubuce cikin kwana 90, wanda ya amince kuma ya biya cikin kwana 90 daga ba da takardar sallama. Dokar 2025 ta zo da ƙarin tsanani kan jinkirin biyan diyya, ta ɗaga jarin da ake buƙata daga kamfanoni, ta kuma tanadi asusun kare masu inshora idan kamfani ya durƙushe.

Matakin farko shi ne a nemi dalilin a rubuce, tare da sharaɗin da aka dogara da shi. Kamfanin da ya fake da wani keɓantaccen dalili, shi ke da nauyin tabbatar da shi, kuma kotuna kan fassara kalma mai harshen damo a kan wanda ya rubuta ta, wato kamfani. Daga nan sai sashen ƙorafi na kamfanin, sai ofishin karɓar ƙorafi na NAICOM, wadda ke da hedikwata a Abuja da ofishin shiyya a Kano. Wanda ya bi ta hannun dillali mai rajista, bin diyya na cikin aikin dillalin.

Idan saɓanin kan adadi ne kawai, takardu da yawa kan tura shi ga masu sulhu kafin kotu. Wasu kuma suna da wa’adin shigar da ƙara, wanda kan kasance wata uku daga ranar da aka ƙi biya, don haka ganin lauya da wuri ya fi. Takardar sallama kuwa, sa mata hannu na nufin an karɓi adadin a matsayin cikakken biya, kuma dawowa daga baya yana da wuya.

Mafi yawan waɗannan matsaloli ana iya toshe su tun shago yana tsaye: a karanta fom da takarda kafin sa hannu, a biya kafin wa’adi, a rubuta darajar kaya ta gaskiya, a sanar da duk wani sauyi a rubuce, a kuma ajiye kwafin takarda, rasit da littafin ciniki a wani wuri da ba shagon ba. Ƙungiyoyin ’yan kasuwa a Dutse, Shuwarin, Gujungu da Sara suna iya sauƙaƙa wa mambobinsu ta hanyar neman a fassara musu sharuɗɗan da Hausa a gaban shaidu kafin kowa ya biya ko sisi.